Langar Gishirin Baba Soja

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Yelwan Yawuri ya san ana rabon gishiri a zauren Baba Soja ranar Juma'a da hantsi. Sauran masu hali suna sadaka da gero ko ƙosai ko 'yan silalla, shi kuwa gishiri. Tsofaffin mata su zo su shimfiɗa gefen zane, almajirai su miƙo robobi, yana zaune bisa buzu da buhu a damansa, yana awo da wata tsohuwar langa fara mai shuɗin baki wadda fentinta ya ɓalle har baƙin ƙarfen ya fito. Makon da kasuwa ta yi kyau sai ya ɗora wa kowa gutsuren banda. Mutanen gari sun yanke cewa laƙani ne wani malami ya ba shi tun yana soja don kada harsashi ya kama shi, sai abin ya zame masa jiki. Mu ma 'yan gidan haka muka ɗauka, shi kuma bai taɓa musa wa kowa ba.

Ni ce jikanyarsa ta fari, saboda haka ni ce Amarya a bakinsa. Kakata kuma, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ni kishiya tun ina zanen goyo. In na shiga ɗakinsa da safe sai ta ɗaga murya daga madafa: "Ga uwar kwaɗayi nan ta zo ƙwace mani miji, ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba." Shi kuma ya ce, "Rabu da tsohuwa, Amarya, kishi ne ke cin ta." Wannan wasan ya buɗe mini ƙofar da ubana bai taɓa shiga ba. Babana ɗan fari ne, tsakaninsa da mahaifinsa sai gaisuwa a durƙushe daga bakin ƙofa. Ni kuwa har aljihunsa nake lalube. Ba don haka ba, da labarin nan ya bi shi kabari.

Baba basarke ne gaba da baya. Kakanninsa daga ƙasar Kabi suka biyo ruwa, suka zauna a wani ƙaramin gungu kudu da Yelwa, cikin Gungawa, suna su. Tun yana ɗan shekara 7 yake riƙe filafili. Ya iya jefa birgi, ya iya kafa mamari, ya san gurbin da giwan ruwa ke kwanciya in ruwa ya ja baya. Idan banda ta taru sai su loda manyan jirage su gangara Kwara, su ratsa duwatsun Busa da suka ci Baturen nan Mungo Park, su wuce Jaba da Lakwaja har Anaca, su sayar, su sayo manja da gishiri su hauro. A kasuwar Anaca akwai matan Ibo da ke karɓar bandarsu bashi, sai zuwa na gaba su biya. Ba takarda, ba mai shaida, kuma ya ce ko sule ɗaya ba su taɓa cinye masa ba.

A 1964, a ɗaya daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiyen, ya ji a Lakwaja cewa ana ɗaukar sojan ruwa a Legas. Yana da ɗan ilimin elementare, yana da mata da yaro ɗan shekara guda, ga shi kuma yana jin ƙarfinsa. Ya miƙa wa ƙanensa kuɗin kifi ya ce a kai gida, shi ya nemi hanyar Ikko. Mahaifinsa ya yi wata shida ba ya son a ambaci sunansa. Rundunar a lokacin jaririya ce, shekararta 8 da kafuwa, a shekarar ne ma aka fara naɗa ɗan ƙasa ya shugabance ta, Joseph Wey. 'Yan Arewa a cikinta ba su da yawa, don mutanenmu sojan ƙasa suka sani. Wanda gadonsa ke kusa da na Baba a barikinsu na Apapa, a Legas, Ibo ne, shi ya gyara masa Turanci, shi kuma Baba ya koya masa iyo na gaskiya, domin a cewarsa mutumin da ya zo iyon kare yake yi.

Labarin ranar da ya fara fita teku shi ne kaɗai labarin soja da yake ba mu muna yara, kuma duk sanda ya ba da shi sai Inna ta yi dariya har da hawaye. Ɗan Sarkawa, wanda aka yanke wa cibi a bakin ruwa, wanda ya cika wa 'yan Apapa baki cewa shi ruwa gidansu ne, ya kwana uku yana amai yana rungume da bokiti. "Amarya," yakan ce, "kogi yana da gaba yana da baya, ka san inda ya fito ka san inda za shi. Wancan kuwa ba ya zuwa ko'ina, yana nan yana jijjiga ka kamar mai bin ka bashi." Ya ɗebi ruwan zai kurkure baki ya tofar. Ya je ya tambayi wani malami a masallacin Hausawa na Agege ko alwala na yiwuwa da shi, aka ce tana yi, ruwa ne mai tsarki. Alƙibla ce ta fi ba shi wuya: ka kabbara kana duban gabas, kafin ka yi sallama jirgi ya juya da kai kudu.

Sai 1966 ta zo. A watan Janairu aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a watan Yuli aka yi juyin mulki na biyu, sannan aka yi kashe-kashen Ibo a garuruwan Arewa, dubbai suka kwashe kaya suka nufi Gabas. Wata safiya Baba ya tashi ya ga gadon maƙwabcinsa a gyare tsaf, akwatinsa ba ya nan. Ba su yi sallama ba. Bai ƙara ganinsa ba, bai kuma ƙara jin ɗuriyarsa ba har ya koma ga Allah. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, bayan kwana uku Ojukwu ya shelanta Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara harbi.

Baba yana cikin jirgin da ake kira NNS Lokoja, irin mai shimfiɗaɗɗen ciki da ke hawa gaɓa ya buɗe baki sojoji da motoci su fita. Yana son jirgin don sunan garin da ya sani ne, amma ya ce a teku ba abin da ya kai shi rawa. Aikinsa igiya da anga da ƙaramin kwale-kwale. A ƙarshen Yuli suka ɗauki sojojin Benjamin Adekunle, wanda ake wa kirari da Baƙar Kunama, suka nufi Boni, tashar da ake lodin man fetur. Babban jirgin rundunar, NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan, shi ke jagora ƙarƙashin Nelson Soroh. A bakin kogin Boni suka haɗu da NNS Ibadan, jirginsu ne na da, yana Gabas lokacin da aka ɓalle sai ya koma hannun Biyafara. NNS Ogoja ya buɗe masa wuta ya gama da shi. Waɗanda ke ciki mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya da su ne a Apapa. A watan Oktoba suka sake irin wannan sauka a Kalaba. Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968, daga nan Biyafara ba ta ƙara samun hanyar teku ba.

Waɗannan duka a takarda na fara karanta su, ba a bakinsa ba. Yana da lambobin yabo a cikin wani gwangwanin alewa, bai taɓa maƙala su ba. Ran 15 ga Janairu, in ana bikin tunawa da mazan jiya, takwarorinsa sojojin ƙasa su saka tsofaffin kakinsu su tafi fareti, shi sai ya ɗauki taru ya tafi bakin ruwa ɗinki.

Inna ita ma ta yi nata yaƙin, kuma ita ba ta ɓoye nata. Ya zo hutu kafin a fara, ya bar ta da ciki. Ta haifi Gwaggona a farkon 1968, aka yi suna ba uba, ƙanensa ya yanka rago. Wasiƙa takan zo da ajami bayan wata biyu ko uku, kuɗi kuma ta gidan waya a Yelwa, sai an shiga jirgi an je an karɓo. Gungun duka rediyo ɗaya ne, na Sarkin Ruwa, da dare mata su tsaya bayan darni suna sauraron Kaduna. In an ce an ci gari sai a yi guɗa, ita kuwa ba ta guɗa, domin ba a taɓa ambatar sojan ruwa ba, ba ta san ko labarin ya shafe ta ba.

A shekarar nan ce aka rufe madatsar Kainji. Tun 1964 ake gina ta, an zo an ƙirga gidaje an shafa musu lamba, amma tsofaffi ba su yarda akwai mahaluƙin da zai iya tare Kwara ba. Sai ga ruwa yana ta hawa, yau ya ci fadamar albasa, gobe ya ci turken awaki. Tsohuwar Busa ta nutse ɗungurungum, aka mai da mutanenta Sabuwar Busa, gungaye da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri suka bi ta, dubban mutane aka tasa. Inna ta fita da goyo a baya, babana a hannu, da tukwane biyu da turmi. Surukinta, mahaifin Baba, sai da aka ɗauke shi cak aka sa a jirgi, yana cewa a bar shi da kaburburan iyayensa. Aka ba su gidajen bulo da aka jera a tudu nesa da bakin ruwa, rufinsu da rana kamar tanda. Tsohon bai shekara a ciki ba. Inna takan ce, "Shi yana can bisa ruwa yana tsaron ƙasa, ruwa ya zagayo ta baya ya cinye masa gida."

Da aka gama yaƙi a Janairun 1970 ya samu hutu ya zo. Ya sauka a Yelwa ya nemi mai jirgi ya kai shi gungunsu, mutumin ya dube shi kawai. Duk da haka sai da ya sa aka kai shi. Suka tsaya a tsakiyar tafki inda kan wata rimi ya ɗan leƙo, ya yi wa mahaifansa addu'a daga cikin jirgi. Tsarabar da ya kawo wa Inna turmin atamfa ɗaya ce da farar langa mai shuɗin baki.

Daga baya ya kwashe su zuwa bariki a Legas, suka yi shekara shida. A can Inna ta koyi Turancin buroka da take zagin mu da shi in mun ɓata mata rai, a can ta ga ranar da motoci suka koma bin hannun dama a 1972, a can aka canza mata fam da sule zuwa naira da kwabo, ta yi shekara tana lissafi da tsohon kuɗi. Kuɗin Udoji da aka ba ma'aikata su ya sayi filin gidanmu na Yelwa da su. Da ya ajiye aiki ya koma sana'ar gado, sai dai ya fi ba da ƙarfi ga banda da fatauci. 'Ya'ya tara Allah ya ba su, bakwai suka rayu. Bai ƙara aure ba, abin da 'yan'uwansa suka daɗe suna yi masa gori a kai.

Sojan bai fita daga jikinsa ba. Igiyar shanya a gidanmu ɗaurinta daban ne, ba ta kwancewa sai ka ja wani bakin, sai ta warware gaba ɗaya. Riga in ba a naɗe ta kamar tabarma ba, a wurinsa ba a ninke ta ba. Yana da faɗa a kan lokaci, yana da faɗa a kan takalmi a bakin ƙofa. Amma abin da ke fitar da shi daga hayyacinsa shi ne a hana yaro abinci. Wata rana matar kawuna ta yi wa ɗanta horo da hana shi tuwon dare saboda ya zubar da manja. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Jikinsa na rawa, ya ɗauki nasa kwanon ya kai wa yaron, ya zauna a ƙasa har ya cinye, sannan ya ce wa matar, a gaban kowa, ta doke shi in ta ga dama, amma a gidan nan ba a horo da ciki. Ta yi kwana biyu tana kuka, don a iya saninta surukinta bai taɓa ɗaga mata murya ba.

A 2011 ina jami'a, na dawo hutu da wani littafin tarihi mai hotuna. Ina kwance a zaurensa ina dubawa, yana ɗinkin taru, sai na kai shafin yaran Biyafara: ciki kamar tulu, ƙafa kamar sillen kara, gashi ya yi ja. Da rashin hankalin ƙuruciya na miƙa masa na ce, "Angona, ku ne kuka yi wannan?" Wasa na yi niyya, irin wanda muka saba.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin ya kai shi kusa da ido, ya daɗe. Sannan ya ce in je in ɗauko masa langar gishiri.

Ya ce shi bai san ya harbi kowa ba, igiya yake ja. Amma aikin da aka sa rundunarsu tun kafin a fara harbi shi ne tsare bakin teku, kada jirgi ya shiga kada ya fita. A ganinsu aiki ne mai tsabta, ba jini. Makamai ake hanawa, haka aka gaya musu, kuma gaskiya ne ana hanawa. Sai dai hanyar da bindiga ke bi ita busasshen kifin Norwe ke bi, wanda mutanen Gabas suka dogara da shi a miya, ita magani ke bi, ita gishiri ke bi. Bayan faɗuwar Fatakwal abin da ya rage musu sai jiragen agaji da ke sauka da dare a kan titin Uli. Masana suna ƙiyasta waɗanda suka mutu daga dubu 500 zuwa miliyan 2, kuma yunwa ta fi harsashi ɗiba.

"Ni mai kifi ne, Amarya," ya ce. "Na san abin da ke faruwa da gari in kifi bai zo ba. Da na zauna na yi tunani da na gane. Ban zauna ba."

Satin da aka ajiye makamai jirginsu yana Fatakwal. Mutane suka fara fitowa daga daji suna gangarowa bakin tasha, ba mai kuɗin da ke aiki, domin kuɗin Biyafara ya zama takarda. Sai musaya. Agogo, keken ɗinki, zannuwa, duk abin da mutum ya tsira da shi yana miƙawa a ba shi abinci, kuma abin da suka fi nema gishiri ne. Sojoji da yawa sun yi ciniki a kwanakin nan. Wata mata ta zo wajensa da yaro a kafaɗa, ya ce ba za ka iya cewa shekararsa biyu ko biyar ba. Ta ga tsagen fuskarsa ta yi masa Hausa, Hausa mai kyau, ta ce a Anaca take da, tana sayen banda wurin mutanen Yawuri. Bai gane ta ba, ba ya jin tana cikin masu karɓar kayansa, amma ta ambaci unguwar da jiragensu ke tsayawa daidai. Ta kwance ɗaurinta ta fito da langar nan. Ta ce ita kaɗai ta rage daga kayan aurenta.

Ya shiga wajen kuku ya cika gwangwanin sigari da gishiri ya kawo mata. Ta dangwala da yatsa ta sa wa yaron a baki kafin ta ce komai. Sannan ta miƙo langar.

"Na karɓa," in ji Baba. Ya juya langar a hannunsa. "Gishirin ba nawa ba ne, ko kwabo ban biya ba. Ba abin da zai rage ni da na ce ta riƙe kayanta. Na ga kowa na karɓa, na ga tana da kyau, na tuna ban saya wa tsohuwarki komai ba. Matan Anaca sun ba ni amana shekara da shekaru ba takarda, ni kuwa na karɓe wa 'yarsu kwanon aure a kan gishirin gwangwani ɗaya."

Washegari ya koma tashar da langar a cikin riga yana neman ta. Kwana huɗu yana zagayawa, har jirginsu ya tashi.

Na rasa abin cewa. Na ce masa ai yaƙi ne, ai an ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci, ai ya taimake ta ma. Ya ce in bar wannan zancen, na masu jawabi a rediyo ne. Ya ce ya tambayi malamai uku a rayuwarsa, duka sun ce masa ciniki ne da yardar juna, in kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ya yi sadaka da niyyar mai kayan. Na ukun ya ƙara da cewa matar ba Musulma ba ce, Baba ya ce masa yunwar da ya gani ba ta tambayi addinin kowa ba. Juma'ar farko bayan ya koma Legas ya sayi gishirin sule biyu ya raba a ƙofar masallaci. Tun daga ranar bai tsallake Juma'a ba sai in yana teku.

Na tambaye shi ko Inna ta sani. Ya ce shekara biyu tana zuba masa miya a ciki, ba ya iya ci, yana cewa ba ya jin yunwa, har ta fara zargin ko wata ce ke ciyar da shi a waje. Dole ya faɗa mata. Ba ta ce uffan ba. Ta wanke langar, ta goge, ta kai ta ta ajiye a kan buhun gishiri.

Baba ya rasu a damina ta 2016, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinsa. Da aka zo rabon gado aka lissafa gida da jirage biyu da injin da taruna, malamin da ke rabo ya ɗaga langar ya ce wannan fa, kawuna ya ce tsohon kwano ne, a bar wa Inna. Gwangwanin lambobin yabo babana ya ɗauka.

Inna ta ci gaba da rabon bayan ta fita takaba. Idonta ya yi rauni yanzu, hannunta na karkarwa, rabin gishirin a tabarma yake zubewa. Duk Juma'ar da nake gari ni ke riƙe mata bakin buhu, tana awo tana mita wai kishiya ta zo ta ga ƙarshenta. Wancan watan gindin langar ya ɓule, gishiri ya gama cin ƙarfen. Na ce in sayo mata sabuwa a kasuwa, ta ce in kai wa mai walda ya liƙe, kuma in tsaya a kansa har ya gama, kada ya musanya mata.